Ihu a Bakin Bature: Ma'ana da Asalin Kalmar "Scream"



   Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama bisa gayyatar da suka yi mini, da kuma damar da suka ba ni in zaɓi abin da zan yi magana a kai.

Na zaɓi kalma guda tak ta Ingilishi, wato "scream", wadda in aka ce mu fassara ta a gurguje za mu ce ihu ko kururuwa. Zan fara da ma'anarta, sannan mu bi sawunta har inda sawun ya tsaya. Na san wani zai ce a ransa, an rasa abin da za a tara jama'a a kai sai kalma mai harafi shida? To, a cikin harufan nan shida akwai yaƙi, akwai auratayya tsakanin al'ummu biyu, akwai cinikin gashin tumaki, akwai kuma sauyin da ya raba rubutun Ingilishi da furucinsa, wanda har yau yake wahalar da 'ya'yanmu a aji. Babu wanda ya rubuta ranar da aka haifi wannan kalma, amma sautinta da kansa yana ba da shaida a kan mutanen da ta fito daga bakinsu. Wannan shaida ce nake so mu saurara tare.

Na ɗaya: me kalmar take nufi?

In ka buɗe ƙamus na Ingilishi za ka tarar ana bayyana "scream" da sauti mai ƙarfi, mai tsini, mai ɗan tsawo, wanda ke fita daga mutum saboda tsoro ko azaba ko wani abu da ya girgiza shi. Ku ƙara da sifa guda da ta fi sauran muhimmanci a ganina: yawanci ba mutum ne ke shirya shi ba, kuɓuce masa yake yi.

Kalmar tana da maƙwabta a Ingilishi, kowace da gidanta. "Shout" ɗaga murya ce da magana a ciki, irin ta ɗan kamasho yana kiran fasinja a tasha. "Yell" 'yar gida ce tun zamanin tsohon Ingilishi, daga "gellan", kuma dangi ce ga gaɓar da ke ƙarshen sunan tsuntsun nan mai waƙar dare, "nightingale". Ita kuwa "cry" baƙuwa ce. Ta shigo daga Faransanci bayan mamayar da William na Normandi ya yi wa Ingila a 1066, Faransanci kuma ya gaje ta daga kalmar Latin "quiritare". Wani malamin Rum na dā mai suna Varro ya ce asalinta shi ne mutum ya kira "Quirites", wato 'yan ƙasar Rum, su kawo masa ɗauki. Masana da yawa na yanzu suna ganin kwaikwayon sauti ne kurum, amma ku ajiye tunanin Varro a gefe, za mu buƙace shi nan gaba.

To mu fa? Ai mu ma ba matalauta ba ne a wannan fage. Muna da ihu, da kururuwa, da ƙara, da kuwwa, da tsawa, da hargowa, da guɗa, da shewa, da sowa. Guɗa ta farin ciki ce, ta ranar kai amarya da ranar suna. Tsawa daga sama take saukowa, daga uba zuwa ɗa, daga babba zuwa yaro. Ihu kuwa jama'a yake nema.

Ga inda ɗalibanmu ke tuntuɓe wajen fassara. A ce mace ta shiga kicin da asuba za ta ɗebi ruwa, ta miƙa hannu ga moɗa, sai ta ga maciji a naɗe a gindin randa. Sauti biyu ne za su fita daga bakinta, ɗaya bayan ɗaya. Na farko babu kalma a cikinsa ko guda, ita kanta ba ta san ya fita ba sai da ta ji shi da kunnenta. Na biyu shi ne, "Wayyo Allah! Jama'a ku kawo ɗauki!" Na farkon nan shi ne cibiyar "scream". Marubutan littattafanmu na Hausa sun daɗe da samo masa magani, suna cewa "ta ƙwalla ƙara". Na biyun shi ne ihu ko kururuwa, kuma Bature yakan yi amfani da "scream" a nan ma in muryar ta yi tsini ƙwarai. Ɗalibin da ya rubuta "ta yi kuka" ya kauce gaba ɗaya. Wanda ya rubuta "ta yi ihu" ya kusa. Wanda ya tsaya ya tambayi kansa, shin wannan sauti kira ne ko kuɓucewa ce, shi ne ya fahimci aikin.

Na biyu: yaushe aka fara ganinta?

Kalmar ta fara bayyana a rubuce a ƙarshen ƙarni na 12, wajen shekara ta 1200, da siffofi irin su "scræmen" da "screamen", daga baya "scremen". Wannan "-en" da ke ƙarshe ɗafi ne da aikatau ke ɗauka a Ingilishin wancan zamani, wanda ya zube daga baya. Kafin wannan lokaci ba a same ta a rubuce-rubucen tsohon Ingilishi da suka iso hannun masana ba.

Su waye suka bincika har aka san haka? A 1857 wata ƙungiyar masana harshe a Landan ta ɗauki aniyar haɗa ƙamus da zai bi tarihin kowace kalma ta Ingilishi daga ranar da aka fara ganinta a takarda. A 1879 James Murray ya karɓi ragamar aikin. Dubban masu sa kai suka riƙa karanta tsofaffin littattafai, suna kwafe jimlolin da kalma ta fito a ciki a kan 'yan guntayen takardu, suna aika masa ta gidan waya. Kashi na farko ya fito a 1884, ba a kammala ba sai 1928, shekara 13 bayan rasuwar Murray. Shi ne ƙamusun Oxford da kuke jin labari. Duk da wannan ɗawainiya, da aka zo kan asalin "scream", manyan ƙamusoshi ba su yanke hukunci ba. Sun ce mai yiwuwa akwai tsohuwar siffa "scræman", suka sa mata tauraro a gaba. A al'adar masana tarihin harshe, tauraro yana nufin an gano siffar ce ta hanyar kwatance da lissafi, ba a gan ta da ido a takarda ba. Ina girmama wannan tauraro, domin shi ne ke raba mai bincike da mai shaci-faɗi.

Abin da ya tabbata shi ne kalmar tana da dangi a tsallaken teku. A harshen Norse, wato tsohon harshen da ya haifi harsunan Norwe, Denmak, Suwidin da Aisland na yau, akwai "skræma", ma'anarta tsoratarwa ko korar abu ta hanyar firgita shi. Har yanzu mutanen Suwidin na cewa "skrämma", na Denmak na cewa "skræmme", duka da ma'anar tsoratarwa. A harshen Frisiya, wanda ake magana da shi a arewacin Holan, wanda kuma masana ke ɗauka shi ne mafi kusanci da Ingilishi a nahiyar Turai, "skrieme" na nufin kuka da hawaye. Mutanen Holan na da "schreeuwen", Jamusawa na da "schreien", duka ihu. Da alama gida ɗaya ne. Tambayar ita ce, ta wace ƙofa ɗiyar gidan ta shiga Ingila?

Na uku: shaidar da ke cikin "sk"

Nan ne zan daɗe, domin nan ne maganar ta fi daɗi.

Ina roƙon kowa ya furta farkon kalmar a hankali. Harshe yana matsowa hanƙa, iska tana tsiyaya, ka sami "s". Bayan harshe ya tashi ya toshe hanɗa, ya saki, ka sami "k". Kafin wani wasali ya shigo, harshe ya sake komawa gaba domin "r". Baƙaƙe uku a jere, babu wasali a tsakani. Bakin Bahaushe bai saba da wannan ba, domin gaɓarmu da baƙi ɗaya take farawa. Shi ya sa muka mai da "scale" sikeli, muka mai da "bread" burodi, kuma da za mu ari "scream" da sikirim za mu ce.

To ashe su ma tsofaffin Ingilishi ba su bar "sk" a yadda suka gaje ta ba. Suna rubuta ta "sc", amma a hankali furucin ya zame zuwa ganɗa ya koma "sh". Jirgin ruwa da suke rubutawa "scip" ya zama "ship". Kifi da suke rubutawa "fisc" ya zama "fish". Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, domin muna da ganɗantawa a harshenmu: daga "rasa" muka sami "rashi", daga "Hausa" muka sami "Bahaushe". Dokar tasu ba daidai take da tamu ba, amma hanyar da harshe ke bi a cikin baki iri ɗaya ce. Haka kuma kalmomin gida masu farawa da "scr" suka koma "shr", aka sami "shrink", da "shred", da "shroud". Saboda haka, da "scream" 'yar gida ce tsantsa da ta bi wannan hanya, da yau "shream" ake cewa. Me ya hana? Me ya riƙe "k" ɗin nan?

A nan "sk" ta zama kamar tsagar fuska. Ka ga dattijo a kasuwa bai ce maka uffan ba, amma tsagarsa ta gaya maka Bagobiri ne. Ba ta gaya maka sunan ƙauyensu ba, amma ta rage maka nisan tambaya. Mutanen arewacin Turai ba su mai da "sk" ta zama "sh" a wancan zamani ba, har yau ɗan Norwe "fisk" yake ce wa kifi. Don haka idan ka ga tsohuwar kalmar Ingilishi ta riƙe "sk", wuri na farko da za ka duba shi ne arewa.

Yaya aka yi mutanen arewa suka shiga bakin Ingilishi? A 793 mayaƙan jiragen ruwa da ake kira Viking suka faɗa wa gidan ibadar Kirista da ke tsibirin Lindisfarne, a gaɓar arewa maso gabashin Ingila. Da farko hari suke kaiwa su kwashi ganima su koma. A 865 suka zo da runduna babba da niyyar zama, a 866 suka ci birnin York. Sarki Alfred na Wessex ne ya taka musu birki a yaƙin Edington a 878, daga nan aka yi sulhu, arewa da gabashin ƙasar suka zauna ƙarƙashin dokar mutanen Denmak, yankin da ake kira Danelaw. Har ta kai a 1016 ɗan Denmak, Cnut, ya hau gadon sarautar Ingila baki ɗaya.

Amma jama'a, ba takobi ne ke shigar da kalma cikin harshe ba, zaman tare ne. Mayaƙan nan sun ajiye makamai, sun yanki gonaki, sun auri 'yan ƙasa. Sunayen garuruwa irin su Derby, Grimsby da Whitby duk suna ƙarewa da "by", kalmar Norse mai nufin ƙauye ko mazauni. Harsunan biyu kuma 'yan'uwa ne na kusa, ta yadda mai saye da mai sayarwa za su iya fahimtar juna da ɗan ƙoƙari. Yaron da ya tashi uwarsa na Ingilishi ubansa na Norse, da wane baki zai yi magana? Da duka biyun, a gauraye. Ta haka Ingilishi ya sami "sky", da "skin", da "skill", da "egg", da "leg", da "take". Har wakilan suna "they", "them" da "their" aro ne daga Norse, alhali wakilin suna yana cikin abubuwan da harsuna ba su cika ara ba. Ita ma "scare", tsoratarwa, daga can ta fito.

Wani lokaci ma sai kalmomin biyu su rayu gefe da gefe, ta gida da baƙuwa. "Shirt" ta gida ce, "skirt" ta Norse ce daga "skyrta", asalinsu ɗaya, tufa gajera. Da zama ya yi zama sai suka raba aiki, ɗaya ta ɗauki sama, ɗaya ta ɗauki ƙasa. Ku je wurin tela a Kano ko Zariya ku ji mace tana cewa a ɗinka mata riga da siket. Wannan siket ɗin ita ce "skyrta", ta ratso teku zuwa Ingila shekara fiye da dubu da suka wuce, ta biyo Turawan mulki zuwa ƙasarmu, muka cusa mata wasali ta zauna. Haka windo da magini ke cewa zai fasa a bango: "vindauga" ce ta Norse, ma'anarta idon iska.

Mai lura zai tambaye ni, in dai mutanen nan sun zauna tun ƙarni na 9, me ya sa ba a ga "scream" a takarda ba sai wajen 1200? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma ta shafi yawancin kalmomin aro daga Norse. Kafin 1066 masu rubutu malaman coci ne, kuma da karin harshen Wessex, na kudu maso yamma, ake yin yawancin rubutu, nesa da inda baƙin suka zauna. Bayan 1066 da William na Normandi ya ci ƙasar, Faransanci ya zama harshen fada, Latin na coci da takardun hukuma, Ingilishi ya koma na talaka. Littafin tarihin da malaman Peterborough ke rubutawa da Ingilishi ya tsaya a 1154. Da aka dawo rubutu da Ingilishi sosai, kowane marubuci da karin garinsu ya rubuta, sai kalmomin da suka shekara ɗaruruwa a bakin manoma da mata a tsakar gida suka fito fili. Ranar da aka fara rubuta kalma ba ita ce ranar da aka fara faɗinta ba.

Sai dai dole in yi adalci. Ba kowace "sk" ce ta Norse ba. "School" daga Latin take, "screen" daga Faransanci, "skipper" da "sketch" daga Holan. Akwai kuma wata ƙofa da ke buɗe a daidai lokacin da kalmarmu ta bayyana, wato Flanders, yankin da yau yawancinsa ke cikin Beljiyam. Matar William kanta, Matilda, 'yar Flanders ce. Ɗansu, Sarki Henry na Ɗaya, ya zaunar da mutanen Flanders a Pembrokeshire ta ƙasar Wales a farkon ƙarni na 12. Gashin tumakin Ingila kuma a wancan zamani masaƙun Flanders ne ke saye. A tsohon harshen mutanen wannan yanki akwai kalma mai kama da tamu ƙwarai, da ma'anar ihu kai tsaye. Shi ya sa wasu ƙamusoshi suka fi karkata can. Ni dai na fi ganin ƙarfin hujjar cewa harsunan sun taru ne suka riƙe kalmar: ko da akwai ta gida, jin irinta da "sk" a bakin maƙwabta ya hana ta zamewa zuwa "sh".

Na huɗu: mai jin tsoro da mai tsoratarwa

Ku tuna na ce "skræma" tsoratarwa take nufi, alhali "scream" sautin wanda ya tsorata ne. Ta yaya ma'ana za ta tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan? A ganina ba ta tsallaka ko'ina ba, domin abin da kansa fuska biyu gare shi. Matar nan da ta ga maciji ta ƙwalla ƙara ne don ta firgita, amma ƙarar ta firgita duk wanda ke gidan, ta tashe shi tsaye kafin ya san me ya faru.

Kimiyya ta auna wannan. A 2015 Luc Arnal da David Poeppel da abokan aikinsu suka wallafa bincike a mujallar Current Biology. Sun gano cewa ba ƙarfi ko tsini kaɗai ne ya bambanta ƙara da magana ba. A magana ta yau da kullum, ƙarfin murya yana hawa da sauka kamar sau 4 zuwa 5 a sakan guda. A ƙarar firgici kuwa yana karkarwa tsakanin sau 30 zuwa 150 a sakan guda, abin da kunne ke ji a matsayin kaushi. Wannan kaushi yana taɓa wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, mai kula da tsoro da faɗakarwa, kuma masu sauraro sun fi saurin gane ta inda sautin ya fito. Sun kuma tarar jiniya da ƙararrawar gargaɗi da mutane suka ƙera suna amfani da wannan kaushi. Allah ya keɓe wa ɗan Adam wani fage a cikin murya wanda hira ba ta shiga, aka tanade shi domin ranar haɗari.

Mai zanen nan na Norwe, Edvard Munch, ya kama wannan fuska biyu a zanensa na 1893, wanda Turawan Ingila ke kira "The Scream", shi kuwa a harshensu "Skrik". Kun san shi: mutum a kan gada, baki buɗe, hannaye a kunnuwa, sama ta yi ja. Yawancin masu kallo suna ɗauka mutumin ne ke ihu. Amma Munch ya rubuta cewa yana tafiya ne da abokai biyu da faɗuwar rana, sai ya ji kamar wata ƙara marar iyaka tana ratsa halitta. Hannayen nan toshe kunne suke yi. An sayar da ɗaya daga cikin kwafin da ya zana da hannunsa a 2012 a kan kusan dala miliyan 120.

Yanzu mu dawo ga Varro da kiran 'yan ƙasa. A Ingila ta dā, amsa kururuwa doka ce. Dokar Winchester ta 1285, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, ta wajabta wa jama'a in an yi kururuwar ɓarawo su fito su bi shi daga gari zuwa gari, abin da suke kira "hue and cry". In ɗan fashi ya tsere, mutanen yankin ne ke biyan asarar. Mu ma mun san nauyin wannan kira, shi ya sa muke kiran taimakon da ya makara ihu bayan hari. Amma akwai ɓangaren da nake so mu ji da kyau: a tsarin nasu, wanda ya tayar da kururuwar ƙarya shi ma ana cin sa tara. Sun gane cewa sautin da ke tashin mutane kafin su yi tunani makami ne. Mu da muka sha ganin an yi wa mutum ihun ɓarawo a kasuwa, aka hallaka shi kafin a tambayi me ya ɗauka, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan.

Na biyar: me ya sa ake rubuta "ea" a furta "ii"?

Wannan gajere ne. A zamanin marubucin Ingilishi Chaucer, wanda ya rasu a 1400, wasalin kalmar dogon "e" ne, kusa da wanda ke cikin kalmarmu "rema". Daga wajen 1400 zuwa 1700 dogayen wasulan Ingilishi suka yi ta matsawa sama a cikin baki, abin da masanin Denmak Otto Jespersen ya sa wa suna babban sauyin wasula. Ana cikin haka William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, rubutu ya fara daskarewa, furuci kuwa ya ci gaba da tafiya. Shi ya sa "sea" da "see" suka zama furuci ɗaya, "meat" da "meet" haka. 'Yan kalmomi kaɗan, "great", "break" da "steak", suka tsaya a rabin hanya. Malaman firamare, in yaro ya rikice a nan, ba dakikanci ba ne, tarihi ne ya bar masa gado. Kuma kamar da ke tsakanin "scream" da "cream" haɗuwa ce kawai a hanya, domin "cream" daga Faransanci take.

Na shida: inda kalmar ta yaɗu

Tun da wuri ba ta tsaya ga ɗan Adam ba. Waɗanda suka karanta Macbeth na Shakespeare, wanda aka rubuta wajen 1606, za su tuna cewa a daren da aka kashe Sarki Duncan, da wannan kalma matar Macbeth ta bayyana kukan mujiya. Turawan wancan zamani suna camfa mujiya da mutuwa, yadda kakanninmu ma ba sa son jin ta a kan rufin gida. Daga tsuntsu kalmar ta wuce ga iska, ga birkin mota, ga jirgin yaƙi. Sannan ta bar kunne ta koma ido: Bature yakan ce kanun jarida ko launin riga yana "scream", wato yana fizgar ido da ƙarfin tsiya. Masu aikin ɗab'i a Ingila suna kiran alamar motsin rai "screamer". Matasan da ke cika gidajen kallon ƙwallo sun sha jin mai sharhi ya kira ƙwallon da aka narko daga nesa ta faɗa raga da wannan suna. Har mutum mai ban dariya ƙwarai ana ce masa "a scream", domin dariya in ta kai maƙura ita ma kuɓucewa take yi.

Akwai dalilin da ya sa kalmar ta yi wannan ƙarko. Ku jera "scrape", "scratch", "screech", "scrub", za ku ji duk akwai kaushi da karta a cikinsu. Masanin Ingila J. R. Firth ya yi magana a kan irin wannan tarin sauti mai ɗauke da ɗanɗanon ma'ana tun 1930. Mu da muke da amsa-kama a nahawunmu, irin su "ƙararas" da "tsit", mun san cewa sauti yakan ɗauki hoton abin da yake nufi.

Masu fim ma sun ba kalmar nasu tarihin. A 1951 aka naɗi wata ƙara domin fim mai suna Distant Drums, a wurin da kada ya cafke wani soja. A 1953 aka sake sa ta a wani fim, a bakin wani soja mai suna Wilhelm da aka harba da kibiya. Wani mai haɗa sauti, Ben Burtt, ya tono ta daga ma'ajiya, ya sa mata sunan Wilhelm, ya saka ta a Star Wars a 1977. Daga nan ta shiga ɗaruruwan finafinai, kuma da wuya a ce wani a cikin ɗakin nan mai kallon finafinan Amurka bai taɓa jin ta ba.

A nan zan dakata.    Ƙofar tambaya da gyara a buɗe take, kuma zan so ƙwarai in ji daga bakin 'yan'uwanmu na Sakkwato, Katsina da Damagaram irin kalmomin da ake amfani da su a karinsu domin wannan sauti.